Kunkurun Teku Da Tsuntsun Kurmi: Wanne Ya Tsira?

Ina so mu ɗora waɗansu halittu biyu na nahiyar Amurka bisa ma'auni. Ba abin da ya haɗa su, ko a kama ko a wurin zama, sai abu guda, watau dukansu biyu sun kai bakin ƙarewa daga duniya, har mutane suka tashi tsaye don su cece su. Na fari wani kunkurun teku ne da a ke kira kunkurun Kemp. Na biyu wani ɗan tsuntsu ne mai waƙa da a ke kira tsuntsun Kirtland. Cikin 2019 Gwamnatin Amurka ta soke sunan tsuntsun daga jerin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu, ta ce ya farfaɗo. Kunkurun kuwa har yau sunansa yana cikin jerin. Wanda duk ya ji haka sai ya ce ai magana ta ƙare, tsuntsu ya hau tudun mun tsira, kunkuru ne abin tausayi. Ni dai ban yarda da wannan ba. In aka ce in nuna wanda zai iya riƙe kansa ranar da mutane suka gaji da ɗawainiya, kunkurun zan nuna. Ga dalilina, ku kuma ku yanke hukunci.

Mu fara da kunkurun, tun da shi ne babba. Yawancinmu mun san kunkurun tudu, mun san kififiya ta kogi, amma na teku dabam ya ke. Maimakon ƙafafu yana da waɗansu faffaɗan hannuwa kamar filafilin kwalekwale, ba ya kuwa iya mai da kansa cikin kwansonsa in ya ji tsoro. Kunkurun Kemp shi ne ƙarami cikin kunkurayen teku duka, tsawonsa kamar ƙafa biyu, nauyinsa bai cika wuce kilo 45 ba. Babban abincinsa ƙaguwa. Sunan wani masunci ne na Filorida aka sa masa, Richard Kemp, wanda ya aika wa masana na Jami'ar Harvard da shi, suka raɗa masa suna cikin 1880. Daga nan aka yi shekara da shekaru ba masanin da ya san inda ya ke yin ƙwai. Har waɗansu masunta suka riƙa cewa ai ba ya haihuwa, wai alfadarin teku ne, an same shi daga barbarar waɗansu irin kunkuraye biyu.

Amsar ta fito ta wata hanya mai ban mamaki. Cikin 1947 wani injiniya ɗan ƙasar Meziko, Andrés Herrera, ya tafi da na'urar ɗaukar hoton majigi wani bakin teku da a ke kira Rancho Nuevo, cikin jihar Tamaulipas, a gaɓar Tekun Meziko. Abin da ya ɗauko ya wuce misali. Da rana tsaka kunkuraye mata sun rufe rairayi iyakar ganin ido, waɗansu na fitowa daga ruwa, waɗansu na haƙa rami, waɗansu na tone ƙwan 'yan'uwansu saboda rashin wuri, mutane kuma na biye suna kwasa. Hoton ya daɗe a ajiye, sai cikin 1961 wani masani, Henry Hildebrand, ya nuna wa 'yan'uwansa masana shi. Ya ƙiyasta mata 40,000 suka fito a wannan yini guda. Waɗanda suka sake lissafin daga baya sun rage adadin. Ashe kusan dukan irin nan a wannan bakin teku ɗaya su ke haihuwa, a tare kuma su ke fitowa, galibi ranar da a ke iska mai ƙarfi, tsakanin watan Afrilu da na Yuli.

Sa'ad da masana suka ga hoton, abin da ke cikinsa ya riga ya zama labari. Kowace mace ta kan zuba ƙwai wajen 100 a rami ɗaya, ta rufe, ta koma ruwa. Mutane kuwa sun yi shekaru suna tonewa suna loda wa jakai suna kai wa kasuwa, a kan kuma yanka uwar don nama da fata. Cikin 1966 Gwamnatin Meziko ta aika da masana da sojoji su tsare wurin. Aka riƙa kwashe ƙwan ana sake binne su cikin wani shinge, inda ɓarawo ba ya kaiwa, karen daji irin na can mai kama da dila shi ma ba ya kaiwa.

Mu bar kunkuru nan tukuna, mu tafi arewa mu ga tsuntsun. Bai fi gwara girma ba, nauyinsa wajen giram 14. Bayansa toka-toka ne mai sirkin shuɗi, ƙirjinsa rawaya, ba ya kuwa rabuwa da kaɗa jela. An kama shi cikin 1851 a gonar wani likita, Jared Kirtland, kusa da birnin Cleveland, yana kan hanyarsa ta wucewa. Shi ma an yi fiye da shekara hamsin ba a san inda ya ke sheƙa ba, sai cikin 1903 wani masani, Norman Wood, ya sami sheƙarsa a arewacin jihar Mishigan, kusa da kogin Au Sable. In sanyi ya gabato sai ya tashi ya tafi tsibiran Bahamas, tafiyar da ta fi mil 1,000, cikin watan Mayu kuma ya komo.

Ban san wani tsuntsu mai tsirfa kamarsa ba. Ba ya sheƙa sai cikin kurmin wani irin itacen fayin, watau itatuwan nan na ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura. Ba kuma kowane kurmi ba, sai mai faɗi, a ƙasa mai rairayi, itatuwan kuma su zama ƙanana, daga shekara biyar zuwa kamar ashirin. Dalili kuwa a ƙasa ya ke sheƙarsa, cikin ciyawa, ƙarƙashin rassan da suka sauko suka taɓa ƙasa suka yi masa rumfa. In itace ya girma rassan ƙasa sai su bushe, rumfa ta yaye, tsuntsu ya yi ƙaura. To, shi wannan itace irinsa yana cikin wani kwanso mai tauri da ƙaro ya liƙe, ba ya buɗewa sosai sai ya sha zafin wuta. Tun zamanin da, gobarar daji ce ke cinye tsohon kurmi, kwanso ya fashe, iri ya zuba cikin toka, sabon kurmi ya tsiro, tsuntsu ya sami gida. Da baƙi suka cika ƙasar suka yi garuruwa, sai hukuma ta ɗauki ma'aikata masu kashe gobarar daji, suka kuwa iya aikinsu. A ganinsu alheri su ke yi wa daji, ashe gidan tsuntsu su ke rushewa.

Ban da wannan ga wata masifa ta biyu. Akwai wani tsuntsu da mutanen can ke kira tsuntsun shanu, amma ba balbela ba ne, ba kuwa carki ba. Asalinsa a filayen ciyawa na tsakiyar Amurka ya ke, yana bin garken ɓauna irin tasu. Ba ya yin sheƙa. Macen ta kan laɓaɓa ta sa ƙwanta cikin sheƙar wani, kamar yadda zalaiɗu ke yi a ƙasarmu, sau da yawa ma ta fid da ƙwan masu gida. Ɗanta ya kan riga ƙyanƙyashewa, ya fi girma, ya fi baki, ya cinye abincin da a ke kawowa, 'ya'yan gida su mutu da yunwa. Da aka sare manyan dazuzzukan Mishigan aka yi gonaki wajen ƙarshen ƙarni na 19, sai hanya ta buɗe masa ya shigo. Tsuntsun Kirtland bai san shi ba, bai san yadda zai gane baƙon ƙwai ba. Aka kai lokacin da sheƙa bakwai cikin goma akwai agola a ciki.

Akwai wani abu da ke ba ni sha'awa cikin yadda a ke ƙidayar waɗannan halittu. Tsuntsun da kunne a ke ƙirga shi. Cikin watan Yuni malaman daji da masu taimakonsu su kan shiga kurmi da sassafe, su bi layi, su tsaya, su kasa kunne. Namiji ne ke waƙa, kowane namiji kuwa da yankinsa, muryarsa kuma tana da ƙarfi, a kan ji ta daga nesa. Duk inda aka ji waƙa sai a sa alama a taswira, a ɗauka akwai mace tare da shi. Kunkuru kuwa ba ya cewa uffan, namijinsa ma tun ranar da ya rarrafa ya faɗa ruwa ba ya ƙara taka tudu. Saboda haka sawun mata a ke bi bisa rairayi, a ƙirga gurbin ƙwai. Mace guda ta kan yi gurbi biyu ko uku a shekarar da ta fito, don haka sai a raba. Watau ɗaya ba a ƙirga matansa, ɗaya ba a ƙirga mazansa, kowane adadi da zan kawo muku rabin labari ne. Amma da ya ke hanya ɗaya a ke bi kowane lokaci, hawa da sauka ba sa ɓuya.

Cikin 1951 an ji maza 432 suna waƙa. Cikin 1961 an ji 502. Da aka koma cikin 1971 sai aka ji 201 tak, a duniya duka. Hankalin mutane ya tashi, cikin 1972 aka fara kafa wa tsuntsun shanu tarko, manyan keji da hatsi da ruwa a ciki, da 'yan'uwansa masu rai don su jawo shi. Wanda ya shiga a kashe. Cikin shekara arba'in an kashe fiye da 150,000. Na san wani zai ce ina adalci a nan, a hallaka dubbai don a ceci ɗari biyu? Tambaya ce mai kyau, amma shi tsuntsun shanu miliyoyi ne a ƙasar, abin da aka kashe bai taɓa shi ba. Tarkon kuwa ya yi aiki nan da nan. Dā mata da miji ba su fid da ko ɗa guda a shekara in an kwatanta, yanzu suka koma suna fid da kamar uku.

Ga inda labarin biyun ya yi kama har abin ya ba ni mamaki. An kori agola, 'ya'ya sun yawaita, amma ƙidaya ta ƙi motsi. Shekara goma sha takwas tana jujjuyawa wajen 200, har cikin 1974 da 1987 ta faɗi zuwa 167. Can kudu kuma an tsare ƙwan kunkuru tun 1966, kowace shekara ana sakin dubban jarirai cikin teku, amma gurbi sai raguwa ya ke yi, har cikin 1985 aka ƙirga 702 kurum. In kun raba za ku ga matan da suka fito ba su kai 300 ba, a wurin da dubbai suka rufe rairayi cikin yini guda. Duka wuri biyun an tsare ƙwai da gaske, an kashe kuɗi, an yi kusan shekara ashirin, ba abin nunawa. Ba laifi ba ne tsaron ƙwai, da ba a yi shi ba da watakila ba abin da ya rage a yi magana a kansa. Sai dai babban ciwon yana wani wuri, an bar jaki ana dukan taiki.

Ciwon kunkuru yana cikin teku. Jiragen kamun jatan lande su kan ja babban taru a ƙarƙashin ruwa sa'o'i da dama kafin su ɗago, a daidai wuraren da kunkuru ke kiwon ƙaguwa. Shi kuwa iska ya ke shaƙa kamarmu, in taru ya riƙe shi bai fito ya numfasa ba sai ya mutu. Cikin jariran da ke shiga teku kaɗan ƙwarai ke kai girma, kifi da tsuntsaye su cinye saura, wanda ya tsira kuma sai ya shekara fiye da goma kafin ya fara haihuwa. Ku auna, ashe, hasarar uwa guda da ta kai munzali ta fi hasarar ƙwai ɗaruruwa. Maganin da aka samu ba wani abu ba ne mai wuya. Waɗansu sandunan ƙarfe ne a ke jerawa a wuyan taru kamar tagar kurkuku, jatan lande ya wuce ta tsakaninsu ya faɗa jaka, kunkuru ya bugi ƙarfe ya zame ya fita ta wata ƙofa da aka yanka a jikin tarun. Amurka ta yi dokar sa wannan ƙofa cikin 1987. Masunta suka ce a kai kasuwa, wai kamunsu zai zube ta ƙofar, har cikin 1989 suka tare hanyoyin jiragen ruwa a Tekzas da Luwiziyana da jiragensu. Gwamnati ta ja da baya, ta komo, a ƙarshe dokar ta zauna. Meziko kuma cikin 1990 ta hana kama kowane irin kunkurun teku. Wannan magana ta iso har gare mu, domin Amurka ta yi wata doka cikin 1989 ta hana sayen jatan landen ƙasar da jiragenta ke hallaka kunkuru, shi ya sa jiragen kamun jatan lande na Nijeriya su ma suka shiga sa ƙofar. Akwai kuwa dalili, don 'yan'uwan kunkurun Kemp su kan fito su yi ƙwai a gaɓar tekunmu.

Daga nan gurbi ya fara hawa, shekara bayan shekara, har cikin 2009 aka ƙirga wajen 20,000.

Ba zan wuce ba sai na ba ku labarin wata dabara da aka gwada cikin waɗannan shekaru, don tana nuna irin haƙurin da aikin ke bukata. Masana sun yi zaton macen kunkuru ta kan komo ta yi ƙwai a bakin tekun da aka ƙyanƙyashe ta. Suka ce to, bari mu ba su gida na biyu, kada wata masifa ta sami Rancho Nuevo a rasa duka. Daga 1978 zuwa 1988 aka riƙa tarar ƙwai cikin jaka tun uwa tana zubawa, kafin ya taɓa rairayin Meziko, a sa shi cikin rairayin da aka ɗebo daga tsibirin Padre na Tekzas, a ɗauka cikin jirgin sama a kai can. Ƙwai fiye da 22,000 aka kai haka. In sun ƙyanƙyashe a bar su su rarrafa bisa rairayin Padre su taɓa ruwa, sa'an nan a kwashe su a kai Galveston a yi kiwonsu wata tara ko goma, su yi ƙwari, kana a sake su. Cikin aikin aka gane cewa zafin rairayi ne ke sa ƙwai ya zama mace ko namiji, mai zafi mata, mai sanyi maza, an kuwa yi shekarun farko ana ƙyanƙyasar maza da yawa ba a sani ba. Sai cikin 1996 aka ga na farko cikin waɗanda aka yi wa alama sun komo Tekzas sun yi ƙwai. Shekara goma sha takwas ke nan da fara aikin. Cikin 2017 an ƙirga gurbi 353 a gaɓar Tekzas.

Shi kuwa tsuntsu ciwonsa rashin gida ne, 'ya'yan da aka ceta daga agola ba su da kurmin da za su zauna. Abin da ya buɗe idon mutane haɗari ne. Ran 5 ga watan Mayu, 1980, ma'aikatan gandun daji suka sa wuta da gangan kusa da tafkin Mack don su yi wa tsuntsun ɗan sabon kurmi. Iska ta taso, wuta ta ƙwace, ta cinye wajen eka 24,000, ta ƙone gidaje 44, ta kashe ma'aikaci guda. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, mutanen wurin kuma suka daɗe suna jin haushin tsuntsun. Amma bayan 'yan shekaru sabon kurmi ya tashi cikin tokar, mai faɗin da ba a taɓa yi masa irinsa ba, tsuntsaye suka cika shi. Daga 1990 ƙidaya ta fara hawa. Da aka ga haka aka dage da sare tsofaffin itatuwa da dasa sababbi, dubban eka kowace shekara, ana barin 'yan filaye a tsakani don a kwaikwayi yadda wuta ke yi. Cikin 2001 maza suka wuce 1,000, cikin 2015 suka wuce 2,300, waɗansu ma suka tsallaka Wiskonsin da Ontariyo ta Kanada. Tsuntsun shanu kuma ya ragu a wurin, har aka daina tarko cikin 2018 ba a ga wata ɓarna ba. Sai aka soke sunansa daga jeri.

To, yanzu ku duba maganin kowannensu da kyau. Na kunkuru kusan duka hani ne. Kada a kwashi ƙwai, kada a yanka uwa, kada a ja taru ba ƙofa. Ba wanda ke shuka masa ƙaguwa, ba wanda ke zuba masa rairayi, abin da ya ke bukata yana nan tun fil azal. Ƙafar mutum ce a wuyansa, in aka ɗaga shi zai tashi da kansa, ya kuwa nuna haka daga 702 zuwa 20,000. Na tsuntsu kuwa aiki ne, aikin da ba shi da ranar gamawa. Kurmin da aka dasa bana sai bayan shekara biyar zai shiga, bayan kamar shekara goma sha biyar kuma ya fita ya bar shi. Dole kowace shekara a sami mai sare tsohon kurmi, a sami mai sayen katakon, a reni dashe, a sami masu dasawa, a sami kuɗi. Ba kuwa za a iya mayar masa da wutarsa ta dā ba, gidaje da hanyoyi sun shiga dajin, abin da ya faru a tafkin Mack kuma ba wanda zai yarda a sake. Mu da mu ke koyon aikin malanta mun san yaron da malam ke riƙe masa hannu yana rubutu. Rubutun ya yi kyau a allo, amma ba mu cewa ya iya.

Ba sai mun yi dogon jira ba mu ga gaskiyar wannan. Cikin 2021 an ƙirga maza 2,245. Cikin 2025 aka sake ƙirgawa, ba su kai 1,500 ba. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi cikin shekara huɗu. Ba maharbi ne ya shigo ba, ba agola ne ya komo ba. Ma'aikatan da kansu suka ce kurmi mai ƙananan itatuwa ne ya yi ƙaranci. Kafin a soke sunan, hukumomin da abin ya shafa sun sa hannu a yarjejeniya cewa za su ci gaba da aikin, ban kuwa ce sun yi ha'inci ba. Amma sunan da ke cikin jeri doka ce ke bayansa, wanda aka soke kuwa alkawari ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma duk wanda ya taɓa zama inda a ke rabon kuɗin hukuma ya san abin da a ke fara yankewa, shi ne abin da aka riga aka ce ya warke.

Na san abin da za a ce mini, ba ƙaramar magana ba ce kuwa. Za a ce kunkurun naka ma ai bai tsira ba. Gaskiya ne. Cikin 2010 wata rijiyar mai ta fashe cikin Tekun Meziko, ta yi kusan wata uku tana tsiyaya, a daidai makiyayarsa. A wannan shekara gurbi ya faɗi da kamar kashi ɗaya cikin uku, tun daga nan kuma hawan nan na kowace shekara ya tsaya, sai a hau a sauka. Cikin 2017 an sami wajen 24,000, amma abin bai ɗore ba. Har yanzu yawancinsu a wannan yanki ɗaya na Tamaulipas su ke haihuwa, an kuwa taɓa ganin haɗarin haka cikin 1979, sa'ad da man wata rijiya ya iso Rancho Nuevo, sai da aka kwashi jarirai cikin jirgin sama aka kai su ruwa mai tsabta. Ga kuma ɗumamar duniya, rairayi na ƙara zafi, teku na cin gaɓa. Har can arewa a Cape Cod a kan tsinci ɗaruruwan ƙananansu kowace kaka, sanyi ya sandarar da su, a yi jinyarsu a mai da su kudu. Za a kuma ce hani ma ai ba kyauta ba ne, sai da masu gadi a bakin teku, da masu duba taru a cikin ruwa.

Duk na yarda. Amma hani yana da wani hali, in ya daɗe ya kan zama al'ada, tsaronsa ya yi sauƙi. Ƙofar da masunta suka tare tashoshi saboda ita cikin 1989, yau kayan aiki ce kamar igiya da ƙugiya, yaron da ya tashi cikin sana'ar bai san taru ba tare da ita ba. Dashe kuwa ba ya zama al'adar da za ta yi kanta, kuɗin da aka kashe bara sai an sake kashe shi bana. Ban da haka kunkuru mai dogon rai ne, uwa guda ta kan yi shekaru tana komowa, in aka yi mugunyar shekara biyu ko uku tana nan cikin teku tana jira. Tsuntsun kuwa 'yan shekaru kaɗan ya ke yi a duniya. In aka yi sakaci na ɗan lokaci, zuriyar da za ta jira a gyara ta riga ta wuce.

Kada wani ya ɗauka cewa na ke yi a ƙyale tsuntsun tun da ba ya iya riƙe kansa. Dubban shekaru yana riƙe da kansa kafin a ƙwace masa wuta, wanda ya ƙwace kuwa shi ke da biya. Sabon kurmin nan ma ba shi kaɗai ke mora ba, barewa irin ta can da zomaye da waɗansu tsuntsaye duk suna ciki, baƙi kuma su kan zo garuruwan Grayling da Mio daga nesa don su gan shi, su bar kuɗinsu a can. Abin da na ke ƙi shi ne kalmar nan ta ya warke. Jerin nan gida biyu gare shi, ko kana ciki ko kana waje, ya kamata kuwa a yi na uku, na waɗanda yawansu ya kai amma ransu yana hannun mutum, a kuma ɗaure kuɗin aikinsu da doka yadda ba zai dogara ga kasuwar katako ko ra'ayin wanda ke kan mulki ba. Da tsuntsun Kirtland ne zai fara shiga wannan gida.

Gaggawar abin kuwa ita ce itace ba ya jin umurni. Filin da ba a dasa ba cikin 2025, ko nawa aka zuba daga baya ba zai zama kurmin da tsuntsu ke so ba kafin 2030 ta wuce. Waɗanda za su taso daga Bahamas cikin watan Mayu na waɗannan shekaru, abin da suka tarar shi ke nan za su raba.